ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: YADDA DANGIN FATAKE SUKA RIƘE JUNA TSAKANIN KANO DA GWANJA

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda zuriyar fataken ƙasar Hausa, waɗanda neman abinci ya warwatsa su tsakanin Kano da ƙasar Gwanja da bakin teku, suka riƙe zumuntarsu tun daga ƙarni na 19 har zuwa wannan zamani. Dalilin zaɓen wannan batu kuwa a fili yake. Da wuya a sami ɗalibi ko ma'aikacin gwamnati a yau wanda dukan 'yan'uwansa suke zaune gari ɗaya. Karatu ya ɗauke wani, canjin wurin aiki ya ɗauke wani, aure ya tafi da wata. To, fatake sun riga kowa shiga wannan hali, kuma sun shiga shi ne a lokacin da babu gidan waya, babu mota, babu jirgi.

Abin da tarihinsu ya nuna shi ne jini shi kaɗai bai taɓa riƙe dangi ba. Abin da ya riƙe su wasu al'adu ne da aka tsara, watau masauki, da wasiƙa, da aure, da riƙo, da rabon gado, kowace kuwa da tata tsadar. Inda aka ci gaba da biyan tsadar nan zumunta ta ɗore. Inda aka gaza biya, sai ta tsinke, ko da kuwa ba a yi faɗa ba. Wannan shi ne ma'anar karin maganar nan da Hausawa suke cewa zumunta a ƙafa take.

Hanyar Gwanja

Goro ba ya yin kyau a ƙasar Hausa, amma kuwa babu wata hidima ta Bahaushe da za a yi ba tare da shi ba, tun daga neman aure har zuwa raɗin suna. Goron da aka fi so a ƙarni na 19 daga kurmin Ashanti yake fitowa, a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Sarakunan Ashanti ba su yarda baƙi su riƙa kutsawa cikin kurmin ba, saboda haka sai ciniki ya tattaru a Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja. Can ne fatake suke kai kanwa, da tufafin saƙi, da baƙin rini, da jemammun fatu, da dabbobi, su komo da goro a kan jakuna da kawunan 'yan alaro. Wajibi ne kuma a faɗi cewa Salaga kasuwar bayi ce, watau hanyar da ta sada wasu da danginsu ita ce ta raba wasu da nasu har abada.

Ayari yakan tashi da rani, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, sa'an nan ya faɗa ƙasar Dagomba, daga nan sai Salaga. Tafiyar takan ci wata biyu zuwa uku, zuwa da komowa kuwa yakan kai rabin shekara ko shekara guda. Babban ayari yakan ƙunshi mutum ɗaruruwa, wani ma ya wuce dubu, a ƙarƙashin madugu, tare da jagaba a gaba da malamin ayari mai duba ranar tashi da rubuta abin da ya kamata a rubuta.

Waɗanda suka fi shahara a wannan fatauci rukuni uku ne: Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari. Agalawa da Tokarawa asalinsu daga wajen Azbin ne, suka zauna a karkarar Katsina da Kano suka zama Hausawa. Kambarin Barebari kuwa daga Barno suka fito, suka yi cibiya a Gummi. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafin da ya buga a 1980 game da fataucin goro, ya nuna cewa riƙe asali shi ne babban jarin waɗannan mutane. Har tsagar fuska ma tana da aiki a nan, domin kuwa ita ce takardar shaidar wancan zamani. Baƙo zai shiga zango bai san kowa ba, amma da an dubi fuskarsa an san gidan da za a nuna masa.

Masauki

Abu na farko da ya riƙe dangin fatake shi ne masauki. A kowane babban gari a kan hanya akwai zango, a kowane zango kuma akwai maigida, ko fatoma, wanda yake sauke baƙi, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu dillali, ya tsaya musu idan an ba da bashi. Sau da yawa maigidan nan shi ma falke ne da ya gaji da tafiya ya zauna, ko kuwa ƙanen wani babban attajiri ne da aka ajiye shi can da gangan domin ya zama idon gida. Ta haka sai gida ɗaya ya zama yana da ƙofa a Bebeji, da wata a Jugu, da wata a Salaga. Wanda duk ya zo daga gida yana da haƙƙin ɗaki da tuwo, shi kuma nauyin da ke kansa shi ne ya kawo labari: wane ya rasu, wance ta haihu, an raba gonar wane.

Wannan tsari bai tsaya ga hanyar Gwanja kaɗai ba. Unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, a kan irinsa ta ginu, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a binciken da ya buga a 1969. A can ma masu gidaje su ne ginshiƙin cinikin shanu da goro, kuma amanar da ke tsakanin mai aiko da kaya daga arewa da mai karɓa a kudu ita ce ta sa ake iya ba da bashin dukiya mai yawa ba tare da banki ko lauya ba. A taƙaice dai, zumunta da ciniki sun tallafi juna. Wanda ya yanke zumunta ya yanke wa kansa hanyar abinci.

Wasiƙa

Abu na biyu shi ne wasiƙa. Tun kafin zuwan boko fatake suna aika wa juna takardu da Larabci ko da ajami, malamin ayari ya rubuta, madugu ko wani amintacce ya ɗauka, malamin can ya karanta wa mai ita. Shaida a kan muhimmancin wannan aiki ita ce rayuwar Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Imam Umaru na Karaki. An haife shi a Kano a 1858, danginsa kuwa mutanen Kabi ne, mahaifinsa yana fataucin Gwanja. Yana saurayi, a 1877, ya wallafa wani ɗan littafi da Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Ba a wallafa littafin koyar da abin da mutane ba sa bukata. Samuwarsa ta nuna cewa aika takarda ya riga ya zama ruwan dare a tsakanin malamai da fatake.

Shi kansa Alhaji Umaru ya ɗanɗana warwatsuwa. Ya koma Salaga da zama, yaƙin basasa na 1892 ya tashe shi, ya sauka a Kete Karaki a bakin kogin Bolta, inda ya zama limami har ya rasu a 1934. Tsohon garin da ya zauna ma ruwa ya ci shi bayan da aka gina madatsar Akosombo a shekarun 1960. Abin da ya wanzu shi ne rubuce-rubucensa da almajiransa, waɗanda suka bazu cikin zangunan Gana.

Aure da riƙo

Abu na uku, wanda kuma ya fi sauran ƙarfi, shi ne aure da riƙo, kuma a nan ne aikin mata ya fito fili. Auren zumunta, watau a haɗa 'ya'yan wa da ƙane, ko taubasai, hanya ce ta sabunta dangantaka kafin ta tsufa. Idan aka kai yarinya daga Kano gidan ɗan baffanta a Kumasi, to an buɗe hanyar da dole a riƙa binta: za a je ganin ɗaki, za ta zo goyon ciki, za a je suna, za a zo ta'aziyya. Riƙo kuma shi ne a ɗauki yaro bayan yaye a ba gwaggo ko kawu ko kaka a wani gari. Yaron da ya tashi haka yana da gida biyu, ya san fuskokin ɓangare biyu, shi ne kuma zai zama gada a tsakaninsu idan manya sun kau.

Mai son ganin yadda wannan ya gudana a cikin gida sai ya duba tarihin Baba ta Karo, wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau da aka haifa a 1877, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954. Danginta manoma ne, amma al'adar ɗaya ce da ta fatake. Ita Baba ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi. Labarinta cike yake da tafiye-tafiyen biki da suna da gaisuwar mutuwa daga wannan ƙauye zuwa wancan, har da yadda mahara suka kama wasu 'yan'uwa aka bi sawu aka fanso su da kuɗi. Wanda ya karanta zai gane cewa maza suna riƙe da sunan gida, amma lissafin wa ya haifi wa, da wa ake bin bashin biki, a hannun mata yake.

Shari'a ma ta taimaka. Ba a raba gado sai an ƙididdige magada, saboda haka mutuwar falke a Salaga takan tilasta a aika Kano a nemo masu haƙƙi. Haka nan a mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace ba a san inda yake ba takan jira shekara 4 bayan ta kai ƙara wurin alƙali, kafin ta yi takaba. Wannan hukunci kaɗai ya isa ya sa matafiyi mai hankali ya riƙa aiko da labarinsa gida.

Misalin gidan Ɗantata

Gidan da ya fi dacewa a kafa misali da shi, saboda tarihinsa sananne ne, shi ne gidan Alhaji Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa masu fataucin Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu shi yana ƙarami. Mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Ankara, babban birnin Gana na yanzu, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan mai riƙo ne aka sami laƙabin Ɗantata. Ke nan sunan da ya fi kowane suna tashe a kasuwancin Kano a ƙarni na 20 daga al'adar riƙo ya samo asali.

Kamar yadda tarihin gidan ya nuna, da ya tasa sai ya bi ayari ya nufi Ankara domin ya ga mahaifiyarsa, ya sayi 'yan kaya a Bebeji yana sayarwa a hanya. An ruwaito cewa ba ta bar shi ya miƙe ƙafa a gidanta ba, sai ta kai shi wurin wani malami ya zauna har lokacin komawarsa. Ziyarar zumunta ce ta buɗe masa ido a kan hanyar bakin teku. Daga baya ya zama cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta a 1912, sai ya juya ga cinikin gyaɗa, har ya zama attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma kafin rasuwarsa a ranar 17 ga Agusta, 1955.

Abin lura shi ne wasiyyar da aka ruwaito ya bar wa 'ya'yansa: su zauna tare, kada su bari kamfanin gida ya rushe, su ci gaba da aure a cikin dangi gwargwadon iko, su kuma kula da matalautan 'yan'uwa. Mutumin da ya ga ayari, ya ga jirgin ruwa, ya ga jirgin ƙasa, ya ga banki, bai ga abin da zai maye gurbin tsofaffin igiyoyin nan ba.

Da hanya ta sāke

Hanyar Gwanja ba ta dawwama ba. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Ashanti a kan Salaga ya karye, goro ya daina zuwa can kamar da. Yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa abin da ya rage. Mutanen Salaga suka watse zuwa Kete Karaki, da Yeji, da Kintampo, da Kumasi, da Ankara. Da aka shiga ƙarni na 20 kuma sai noman goro ya bunƙasa a ƙasar Yarabawa, jirgin ƙasa yana kwasowa zuwa Kano cikin 'yan kwanaki. Ayari ya mutu.

Mutuwar ayari babbar jarrabawa ce ga zumunta, domin kuwa a da ciniki ne yake biyan kuɗin ziyara. Yanzu sai ya zama wanda zai je gano ɗan'uwansa a Kumasi daga aljihunsa zai biya, ba kuma tare da fatan riba ba. A nan ne gidaje suka rabu biyu. Waɗanda suka ci gaba da musayar 'ya'ya, suna aiko yara karatun allo Kano ko Zariya, suna kai amare, har yau sun san juna. Waɗanda suka tsaya ga aika gaisuwa kuwa, jikokinsu a Sabon Zango ko Nima ta Ankara sukan ce asalinsu Kano ne ko Katsina, amma ba za su iya nuna unguwa ba, balle gida.

Za a ƙara fahimtar wannan idan aka kwatanta da hanyar gabas, watau hanyar Makka ta ƙasa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Bayansu dubban mahajjata sun bi ta Barno da Wadai da Darfur, suna tafe suna aikin ƙodago, da yawa suka tsaya a gonakin auduga na Jazira bayan da aka buɗe su a 1925. Wannan hanya ta fi ta Gwanja tsawo nesa ba kusa ba, kuma babu wani ciniki na shekara-shekara da yake mai da mutane gida. Sakamakon haka shi ne harshe ya wanzu a can, al'ada ta wanzu, amma sanin gida da gida ya yi rauni ƙwarai. Da jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga shekarun 1950, sai ma 'yar ƙafar da ake bi ta wurinsu ta ɗauke.

Iyakoki da na'urori

Mulkin mallaka ya kawo abubuwa biyu masu karo da juna. Na farko iyakoki. Hanyar da falke yake bi da izinin sarakuna ta koma tana ratsa ƙasar Ingilishi, da ta Faransa, da ta Jamus, bayan samun mulkin kai kuma ta zama tana ratsa ƙasashe huɗu, watau Nijeriya, da Binin, da Togo, da Gana. Illar wannan ta fito a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su fice. Cikin waɗanda abin ya shafa har da mutanen da aka haifa a zango, ba su taɓa taka Nijeriya ko Nijar ba. A ranar nan ce aka ga amfanin tsohuwar wahala: wanda iyayensa suka riƙe zumunta ya sami ƙofar da zai ƙwanƙwasa, wanda nasa suka sake kuwa ya sauka a tasha yana tambayar sunan kakansa. A 1983 Nijeriya ma ta yi irin wannan kora, wadda ta fi shafar mutanen Gana.

Na biyu kuma na'urorin sadarwa. Gidan waya ya zo da kan sarki da tangaraho da takardar aika kuɗi, marubuta wasiƙa suka kafa tebur a bakinsa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962, filayen gaishe-gaishe da na cigiya suka zama dandalin da mutumin Kumasi yake jin sunan ɗan'uwansa na Gusau. A shekarun 1970 da 1980 kaset ya yi aiki babba, musamman ga mata da tsofaffi waɗanda ba su yi karatu ba: a taru a ɗauki muryar kowa, a ba direba ya kai. Daga 2001, da wayar hannu ta shigo Nijeriya, sai nesa ta zo kusa, har ta kai yau dangi sukan buɗe zaure guda a WhatsApp, a sanar da haihuwa a Tamale a yi barka daga Jidda cikin minti ɗaya.

Babu mai musun alherin wannan. Sau da yawa ma ta wannan hanya ce rassan da suka ɓace wa juna suka sāke haɗuwa. Sai dai ya kamata a lura da abin da kowace na'ura ta ɗauka da abin da ta bari. Cikin igiyoyin da aka lissafta, wasiƙa kaɗai waya ta gada. Ba ta sauke baƙo, ba ta riƙon maraya, ba ta zaman makoki. Wasiƙar da kuwa mutum ne yake kawo ta, ya kwana, ya ci tuwo, ya ga halin da gidan yake ciki, har da abin da kunya ta hana a rubuta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da darasi uku. Na farko, dangin da suka warwatsu ba su taɓa riƙe juna da son zuciya kawai ba, sai da ayyuka sanannu waɗanda kowa ya san nasa. Na biyu, duk lokacin da hanya ta sāke, gidan da ya tsira shi ne wanda ya nemi sabon dalilin tafiya bayan tsohon ya mutu. Na uku, yara su ne ma'auni. Zumuntar da ta tsaya a tsakanin manya, 'ya'yansu ba su taɓa kwana ɗaki ɗaya ba, kwananta ƙidayayye ne.

Ba a cewa a koma wa dukan al'adun da. Auren zumunta na tilas ya jawo ɓacin rai a gidaje da yawa, likitoci kuma suna gargaɗi a yi gwajin jini kafin aure saboda cutar sikila. Riƙo ma, inda babu tausayi, yakan koma bauta. Amma gurbin da suka cike yana nan, dole ne kuma a sami abin da zai cike shi: ɗaki guda a gidan ma'aikaci wanda ɗalibi ɗan dangi zai sauka, hutun makaranta da yara za su yi a gidan kawu, asusun da za a riƙa tarawa domin marar lafiya da maraya, taron shekara bayan salla, da kuma rubuta salsalar gida daga bakin tsofaffin mata tun suna raye. Kowanne daga cikin waɗannan yana cin kuɗi da lokaci. Fataken da suka yi wata uku a ƙafa tsakanin Kano da Salaga sun biya fiye da haka, shi ya sa har yanzu ake samun gidajen da jikokinsu suke kiran juna da suna daga ƙasashe huɗu.